Koyon Ɗaukar Hoton Abinci ta Intanet: Sana'a Ce, Kuma Amana Ce



Wata ƴar uwarmu da ke sayar da dambun zogale da masa daga cikin gida ce ta jawo hankalinmu ga wannan batu. Duk wanda ya taɓa cin dambunta ya san hannunta, amma hotunan da take sakawa a WhatsApp ba sa yi mata adalci ko kaɗan. Da dare take ɗaukar su, ƙarƙashin ƙwan lantarkin ɗakin girki, sai dambun ya fito kamar jiƙaƙƙiyar dussa, masar kuma ta yi wani launi da ba ya kiran kowa. Ƴarta da ke makarantar sakandare ta ba ta shawarar ta biya kuɗin wani kwas na intanet inda ake koyar da ɗaukar hoton abinci. Uwar ta zo mana da tambayoyi guda 2: shin kuɗin ba zai tafi a banza ba, kuma shin gyara hoto ba wani nau'i ne na yaudarar mai saye ba? Mun zauna tare da su mun bi darussan, mun gwada abin da aka koyar a tsakar gida, kuma abin da muka gano shi muke son gabatar muku a wannan fitowa.

Dalilin da ya sa hoto ya shiga ciniki

A da, mai abinci tana da ƴar talla, kuma mai saye yana buɗe faifai ya gani da idonsa, ya shinshina, wani lokaci har ya ɗanɗana. Yanzu a Yamai da Maraɗi da Damagaram, haka a Garwa da Injamena, mata da yawa sun mayar da tallarsu cikin wayar salula. An kafa WhatsApp a 2009, Instagram ya fito a 2010, kuma a 2017 WhatsApp ya ƙara wurin nan da ake saka hoto ya yi sa'o'i 24 kafin ya ɓace. A 2018 aka fitar da WhatsApp Business domin ƙananan ƴan kasuwa. Wannan ya buɗe ƙofa ga matar da ba ta fita kasuwa, ya kuma rage wa wasu gidaje buƙatar ɗora wa yarinya tire a ka ta yi ta yawo a tasha. Sai dai mai sayen da ke wata unguwa ba ya jin ƙanshi ta cikin waya. Abin da ya rage masa shi ne ido, kuma hoto ne kaɗai ke tsakaninsa da cinikin biri a sama.

Abin da kwas ɗin ya ƙunsa

Darussan irin wannan suna nan a wurare da dama. Akwai na kyauta a YouTube, wanda ya fara aiki a 2005, akwai kuma na kuɗi a dandamali irin su Udemy da Skillshare da Domestika. Mafi yawansu da Turanci ne ko Faransanci ko Sifaniyanci, wasu da fassara a rubuce a ƙasan bidiyo. Tsarinsu kusan ɗaya ne: gajerun bidiyoyi na ƴan mintoci, kowane da darasi guda, sannan a ba ɗalibi aikin da zai yi a gida. A wasu kwasa-kwasan ɗalibi yana tura hotonsa malami ko sauran ɗalibai su yi masa gyara, kuma a ganinmu wannan gyaran shi ne abin da ya fi cancantar a biya masa kuɗi, domin bayani kam ana samun sa kyauta a ko'ina.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne, darussan farko ba su yi maganar tsadar kyamara ba. Maganar haske suka yi. Wannan kuwa tsohon ilimi ne. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rayu a Alƙahira, ya bayyana a littafinsa Kitabul Manazir cewa gani yana faruwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido, kuma ya yi gwaje-gwaje da ɗaki mai duhu wanda haske ke shiga ta ƙaramar kafa. Kalmar kyamara ita kanta daga Latin ta samo asali, kuma ma'anarta ɗaki. Sai wajen 1826 ko 1827 Bafaranshen nan Nicéphore Niépce ya samu ya kama hoton da ya wanzu har yau, bayan farantinsa ya sha haske na sa'o'i masu yawa. Abinci ma bai daɗe ba ya shiga gaban kyamara: cikin hotunan da Baturen Ingila William Henry Fox Talbot ya wallafa tsakanin 1844 da 1846 akwai na kwandunan ƴaƴan itatuwa. Wayar da ke hannun ƴarmu ta yi wa kayan aikin waɗannan mutane nisa ƙwarai, amma ƙa'idar ba ta sauya ba: kyamara haske take rubutawa, kuma irin hasken da aka ba ta shi za ta mayar.

Darasin haske a tsakar gidanmu

Malaman waɗannan darussa galibi suna zaune ne a ƙasashen da rana ke yi musu rowa, saboda haka suna ta neman taga mai haske. Mu tamu matsalar akasin haka ce. Ranar tsaka a ƙasashenmu tana dukan abinci daga sama, ta ƙone farin tuwo har ya rasa siffa, ta kuma jefa baƙar inuwa cikin kwano. Mun tarar wurin da ya fi dacewa shi ne bakin inuwa: ƙofar zaure, ko gefen rumfa, ko kusa da taga, inda haske ke shigowa ta gefe ɗaya ba tare da rana ta taɓa abincin kai tsaye ba. Hantsi da bayan la'asar sun fi tsakar rana. A lokacin hunturu kuwa hazo yana tausasa hasken, ya yi mana aikin da masu ɗakin hoto ke sayen kaya masu tsada domin su samu, sai dai a rufe abinci har zuwa lokacin ɗauka saboda ƙura.

Idan rana ta yi ƙarfi a taga, farin mayafi mara kauri da aka rataya yana tace ta. Idan ɓangare ɗaya na kwanon ya yi duhu, sai a jingina farin kwali a wannan gefen ya mayar da haske. Waɗannan abubuwa biyu su ne kusan dukan kayan aikin da muka yi amfani da su, kuma babu wanda ke buƙatar wutar lantarki.

Darasi na biyu shi ne cewa haske yana da launi, ko da ido ya saba ya daina lura. Ana auna wannan da ma'aunin Kelvin. Ƙwan lantarki mai ɗorawa-ɗorawa yana wajen 2700, hasken rana tsaka wajen 5500, inuwa kuwa takan kai 7000 ko fiye, wato ta karkata zuwa shuɗi. Idan aka haɗa hasken taga da na ƙwai a hoto guda, kyamara takan rikice, rabin tuwon ya yi rawaya rabi ya yi shuɗi. Maganin shi ne a kashe ƙwan. Haka kuma a guji rumfar tampol mai launi, domin shuɗin tampol yana sauka a kan abinci ya kashe masa kyau. Fitilar waya mai walƙiya ma a bar ta a kashe, saboda tana sa mai ya yi ƙyalli mara daɗin gani, ta kuma shafe duk wani tudu da kwari da ke nuna laushin abinci.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da suka kawo babban bambanci. Idon kyamarar wayar da ke yawo a ɗakin girki kullum yana da maiƙo, kuma goge shi da tsumma mai laushi kaɗai ya gyara rabin hotunan ƴar uwarmu. Idan aka kusanto da waya sosai, bakin kwano yakan karkace ya yi faɗi, gara a ja da baya kaɗan. Idan aka taɓa fuskar waya a daidai wurin abincin, kyamara za ta mayar da hankali can, kuma a yawancin wayoyi ana iya jan yatsa sama ko ƙasa a ƙara haske ko a rage. Ana kuma iya kunna layukan nan 4 da ke raba fuskar waya gida 9, a aza abin da ake son nunawa inda layuka suka haɗu maimakon kullum a tsakiya.

Abincinmu ba ya cikin darasin

Nan ne muka ga iyakar kwas ɗin. Misalan malamin duk na abincin ƙasarsa ne: kek, taliya, ganyen salak, kofi mai kumfa. Babu inda ya ce ga yadda za a yi da miyar kuka. Dole ɗalibi ya ɗauki ƙa'idar ya juya ta zuwa tukunyar gidansu, kuma wannan aiki babu mai yi masa.

Darussan suna koyar da kusurwa 3. Akwai ɗauka daga sama kai tsaye, akwai ta karkace kamar yadda mai zaune gaban akushi yake kallonsa, akwai kuma ta daidai da bakin kwano. Da muka gwada, mun ga dambun zogale da shinkafa da wake sun fi kyau daga sama, domin a shimfiɗe suke kuma kyansu yana cikin launukan da suka barbazu a kai: koren zogale, farar albasa, jan tattasai. Masa da fankasu sun fi son a jera su bisa juna a ɗauke su daga ƙasa-ƙasa, tsayinsu da soyayyen gefensu su fito. Ƙosai kuwa sai an ɓare guda ɗaya an nuna cikinsa, domin mai saye laushin ciki yake tambaya.

Tuwo da miyar kuka su suka fi ba mu wuya. Malmala fara ce, miya kuma mai duhu, kuma kyamara ba ta iya gamsar da su biyun a lokaci guda. Abin da ya yi mana aiki shi ne mu sa hasken ya fito daga baya da ɗan gefe, yadda zai kwanta a kan miyar ya nuna yauƙinta, sannan mu taɓa tuwon a fuskar waya mu rage haske kaɗan. Baƙin akushi ya fi farar tasa nuna tuwo, kuma tururi ba ya fitowa a hoto sai bayansa da duhu kuma haske na ratsa shi daga baya. Fura da nono a farin kwano sukan ɓace, amma a ƙwarya da ludayi sai su yi magana. Zoɓo a kofin gilashi yana son haske ya ratsa shi daga baya kafin jansa ya bayyana. Kilishi kuwa hasken gefe ne ke fito da yajin da ke jikinsa, kuma idan aka ɗaga falle guda wajen haske sai a ga sirantakarsa, wadda ita ce shaidar gwanintar mahauci.

Malamin ya yi dogon bayani a kan faranti da katako da zannuwan da ake saya domin shimfiɗa. Mu ba mu sayi komai ba. Faifai, tabarmar kaba, tsohon turmi, zanen rini da daɓen ƙasa mai tsabta sun wadatar, kuma sun fi dacewa da abincinmu. Abin lura kawai shi ne kada shimfiɗar ta fi abincin surutu. Atamfa mai manyan zane tana janye ido daga kwano.

Kafin a biya kuɗi

Ga tambayar farko ta ƴar uwarmu, amsarmu ita ce kwas yana da amfani, amma kada a fara da biya. A fara da darussan kyauta na makonni biyu ko uku, a ga ko akwai haƙurin yin aikin gida. Wanda bai ɗauki hoto ko ɗaya ba bayan kallon bidiyo 10 na kyauta, ba zai ɗauka ba don ya biya. Idan an ga da gaske ake, sai a duba abubuwa kamar haka kafin a zaɓa: a ga hotunan da malamin ya ɗauka da hannunsa, a kalli darasin gwaji da ake bayarwa kyauta, a tabbatar kwas ɗin na masu waya ne ba na masu babbar kyamara ba, a tabbatar ana jin harshen, a kuma bincika ko ana iya sauke darasi a waya domin a sake kallo ba tare da an ƙone data ba. Kuɗin data, wato forfe kamar yadda muka saba faɗa, yana cikin kuɗin karatun, kuma rage ƙarfin bidiyo yana rage cin sa sosai.

Wasu dandamalin biya ɗaya ake yi, wasu kuwa rajista ce da ke cire kuɗi daga katin banki kowane wata ko kowace shekara har sai an dakatar da ita. Wanda ya ari katin ɗan uwansa ya san wannan tun da wuri, kada zumunci ya ɓaci a kan abin da ba a karanta ba. A yi hattara kuma da duk wanda ya yi alkawarin arziki cikin mako guda, ko ya ce a tura kuɗi zuwa wata lamba alhali ba a ga aikinsa ba. Takardar shaidar kammala kwas ba ta da nauyi sosai a wannan sana'a, domin mai neman a ɗaukar masa hoto hotuna yake tambaya. Yarinyar da ta iya da gaske tana iya ɗaukar wa masu gidan abinci da masu kek ɗin biki, ta samu abin sayen littattafai. Ga iyaye kuma, yana da kyau a tsayar wa yara lokacin darasi, ko rabin sa'a ce a rana, a kuma zauna kusa da su, tun da wayar da ke ɗauke da darasin tana ɗauke da wasu abubuwan.

Inda gyara ya tsaya, inda algus ya fara

Tambaya ta biyu ita ce mafi nauyi. A sana'ar tallar abinci ta manyan kamfanoni akwai dabarun da aka daɗe da sani, kuma wasu darussan suna ambaton su: farin gam a madadin madara domin kada hatsin karin kumallo ya jiƙe, dakakken dankali a madadin askirim domin ba ya narkewa a gaban fitila, naman da aka gasa bayansa kawai aka shafa masa launi. A ƙarshen shekarun 1960 hukumar kula da harkokin ciniki ta tarayyar Amurka ta tuhumi kamfanin miyar gwangwani na Campbell da zuba ƙananan ƙwallayen gilashi a gindin kwano lokacin ɗaukar talla, domin kayan miyar su taso sama a ga kamar sun fi haka yawa. Kamfanin ya amince ya daina. A yau abin ya fi sauƙi, domin manhajar waya tana iya ƙara wa miya ja, kuma akwai manhajojin da ke ƙirƙiro hoton abincin da ba a taɓa dafawa ba.

Mu kuwa muna da ma'auni tun kafin a ƙirƙiro kyamara. Ya zo a Sahihu Muslim, daga Abu Huraira, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci da aka kasa domin sayarwa, ya sa hannunsa ciki sai yatsunsa suka ji danshi. Mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Manzon Allah ya nuna masa cewa kamata ya yi ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma nesanta kansa daga mai algus. Hoton da muke sakawa a waya shi ne saman tarin a wannan zamani, kuma mai saye ba shi da hannun da zai cusa ciki.

Saboda haka muka tsayar wa kanmu iyaka mai sauƙin ganewa. Duk abin da ke taimaka wa kyamara ta ga abinci yadda ido ke ganinsa a gaban mai ci, gyara ne: neman haske mai kyau, goge bakin kwano, daidaita launin da ƙwan lantarki ya ɓata, yanke gefen hoton da bokiti ya shigo. Duk abin da ke sa mai saye ya yi tsammanin abin da ba zai samu ba, algus ne. Idan kwanon jaka ɗaya yanka biyu na nama ake sawa, to yanka biyu za su fito a hoto. Kada a zuba abincin mutum biyu a ƙaramin kwano a kira shi na mutum ɗaya. Kada a ɗauko hoton wata daga intanet a ce girkin gida ne, domin wannan ya haɗa ƙarya da cin haƙƙin mai hoton. Ko ta fuskar kasuwa ma ramin ƙarya ƙurarre ne: kyakkyawan hoto yana kawo mai saye sau ɗaya, amma abin da ya tarar cikin kula shi ke dawo da shi, kuma a unguwa labari ba ya kwana.

Akwai wasu ladubba da kwas ba zai koya mana ba. Abincin da aka ɗauki hotonsa a ci shi ko a bayar, kada a shafa masa abin da zai hana cin sa har a zubar. A duba abin da ke bayan kwano kafin a saka hoto, domin sau da yawa fuskar yaro ko cikin ɗakin uwargida yana shiga ba da niyya ba, kuma abin da ya fita a waya ba ya dawowa. Wanda ba sayarwa yake yi ba kuma ya tuna cewa cikin masu kallon liyafarsa akwai maƙwabcin da bai ɗora tukunya ba ranar.

Ƴar uwarmu ta mayar da wurin ɗaukar hotonta bakin zaure, da hantsi, da farin kwali a jingine da kujera ƴar tsugune. Ƴarta ke riƙe waya, ita kuma ke zuba dambun da mudun da take auna wa kowa. Shawararmu ga duk gidan da ke son gwadawa ita ce a ɗauki abinci guda a yi mako ana ɗaukar sa a wurare da lokuta daban-daban, a rubuta a littafi inda aka tsaya da ƙarfe nawa ne, sannan a jera hotunan a kwatanta su da kwanon da ke gabanku. Wanda ya fi kama da shi, shi za a saka.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ciyar da mu halal. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.